Tarihin Duba Jikin Masu Lafiya a Ƙasar Zazzau da Darasinsa ga Yaƙi da Sankarar Mama: Nazari a kan Gubuchi da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wata al'ada baƙuwa a ƙasar Hausa, watau a duba jikin mutum alhali shi bai ce yana ciwo ba. Mun ɗauki Gubuchi, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Maƙarfi, da maƙwabtanta na Ikara da Kudan, a matsayin fagen nazari, domin wannan yanki na arewacin Zazzau ya ga irin wannan aiki sau da dama tun daga zamanin Turawa. Abin da ya jawo hankalinmu shi ne kiran da ake yi wa mata su riƙa zuwa ana duba nononsu a kai a kai, don a gano sankarar mama tun tana ƙarama. Ra'ayinmu shi ne wannan kira ba zai karɓu ba sai masu yin sa sun san abin da ya faru da kiraye-kirayen da suka gabace shi, waɗanne aka amsa, waɗanne aka guje wa, kuma saboda me.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 an sami mata kimanin miliyan 2.3 da wannan cuta a duniya, ta kuma kashe kimanin 670,000. A Nijeriya kaɗai, an ƙiyasta sababbin masu cutar fiye da 32,000 a wannan shekara, waɗanda suka rasu kuwa sun haura 16,000. Ita ce kan gaba a cikin ire-iren ciwon dajin da ke kama matan ƙasar nan.

2.0 Ciwon Nono a Idon Bahaushe Kafin Zuwan Asibiti

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da nasa masana lafiya, kowa da fagensa. Wanzami ne mai aska da ƙaho da sakiya, maɗori ne mai karaya, boka da 'yar mai ganye su ne masu sassaƙe da saiwa, malami kuma shi ne mai rubutu da tofi. Sha'anin haihuwa da jego da shayarwa kuwa yana hannun ungozoma da tsofaffin gida. Masu jihadi ma ba su bar wannan fage ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basur.

Abin lura a nan shi ne duk waɗannan masana ana zuwa wurinsu ne bayan ciwo ya bayyana. Rigakafin da aka sani shi ne na laya da addu'a da shaye-shayen tsari. Ba a san mace mai cin abincinta, mai dakanta da surfenta, ta tashi ta kai kanta a lalube ta ba. A ma'aunin Bahaushe, ciwo shi ne abin da ya yi zafi ko ya kwantar da mutum. Nan ne sankarar mama ta sami mafaka, domin galibi takan fara ne da ɗan ƙullutu mai tauri wanda ba ya zafi ko kaɗan.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka ƙara mata mafaka. Na farko, macen karkara takan shafe shekaru da yawa tsakanin ciki da goyo, nono kuwa yakan kumbura ko ya yi ƙurji a lokacin shayarwa ya kuma warke. Saboda haka duk ƙullutun da aka ji sai a ce ruwan nono ne ya daskare. Na biyu, akwai tsohon imani cewa daji ba ya son ƙarfe, watau idan aka taɓa shi da aska ko allura sai ya haukace ya bazu. Bai kamata mu yi wa wannan imani dariya ba, domin yana da tushe a cikin abin da mutane suka gani da idonsu. Idan wanzami ya yi sakiya ga kumburin da ba ƙurji ba ne, miki yakan buɗe ya ƙi warkewa. Idan kuma aka kai mace asibiti bayan cuta ta riga ta ci jiki, aka yi mata aiki ta rasu, sai a ɗora wa wuƙar likita laifin da jinkiri ya yi.

3.0 Yadda Duniya ta Gane Amfanin Saurin Ganowa

Cutar tsohuwa ce. Wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar, wadda aka kwafa kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta ambaci kumburin ƙirji mai tauri, ta kuma nuna ba shi da magani. Likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim Al-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana cewa ana iya cire irin wannan ciwo idan yana ƙarami kuma a wurin da za a iya tumɓuke shi gaba ɗaya, kamar nono, amma idan ya tsufa ya girma, shi bai taɓa warkar da shi ba. Ke nan shekara dubu da suka wuce likitan Musulmi ya riga ya gane cewa lokaci shi ne jigon al'amarin.

A ƙarshen ƙarni na 19 William Halsted na Amurka ya yaɗa aikin cire nono da tsokar ƙirji baki ɗaya. A 1895 aka gano hasken da ake ɗaukar hoton cikin jiki da shi, a 1913 kuma Albert Salomon na Jamus ya gwada shi a kan nonon da aka riga aka cire. Babban gwaji na farko a kan mata masu lafiya an fara shi a birnin New York a 1963, da mata kimanin 62,000, ya kuma nuna cewa dubawa a kai a kai tana rage mace-mace. Ingila ta kafa shirinta na ƙasa a 1988, inda ake gayyatar matan da suka kai shekara 50 a ɗauki hoton nononsu duk bayan shekara uku. Ya kamata mu lura cewa can ma sai da aka sha fama da kunya da tsoro. A 1936 ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka ta kafa rundunar mata 'yan sa-kai, waɗanda aikinsu shi ne bi gida gida suna faɗakar da 'yan'uwansu mata.

4.0 Matakai Huɗu a Ƙasar Zazzau

4.1 Asibitin Mishan da na En'e

Turawa sun kama Zariya a 1902. A 1905 Likita Walter Miller na mishan ya zauna a cikin birni yana ba da magani, a 1929 kuma aka mai da mishan ɗin Wusasa, inda asibitinsu ya kafu. Daga wannan tsatso ne Likita Barau Dikko ya fito, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani. Daga bisani En'e ta buɗe ɗakunan shan magani a hedikwatocin gundumomi. Sai dai waɗannan wurare sun zo wa mace da matsala biyu. Asibitin mishan ana yi masa kallon hanyar raba mutum da addininsa, ɗakin shan magani na En'e kuwa malamin da ke ciki namiji ne. Matar kulle ba za ta buɗe ƙirjinta ga baƙon namiji ba, mijinta ma ba zai yarda ba. Abin da aka saba shi ne miji ya je ya kwatanta ciwon, a ba shi magani ya kawo gida. Ƙullutun nono kuwa ba a gane shi da kwatance.

4.2 Ciwon Barci da Shirin Anchau

Karo na farko da aka jera masu lafiya ana laluben jikinsu a wannan yanki shi ne zamanin yaƙi da ciwon barci, a shekarun 1930. Ma'aikata suna bi ƙauye ƙauye, hakimi ya umarci dagaci, dagaci ya umarci masu unguwa, a fito da kowa. Sai a lalubi wuyan mutum a ji ko akwai kaluluwa, in an ji a tsotso ruwanta da allura a duba a madubin likita, wanda aka samu da ƙwayar cutar a yi masa jerin allurai. A Anchau, maƙwabciyar Ikara ta gabas, abin ya kai ga babban shiri da aka fara wajen 1937. An sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan tsando ke zama, an haƙa rijiyoyi, an tayar da dubban mutane daga matsugunansu, an kuma gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. T.A.M. Nash, masanin ƙwari da ya yi aikin, ya buga rahotonsa a 1948.

Ta fuskar likitanci an ci nasara, cutar ta ja baya ƙwarai. Dabarar ma abin koyi ce, domin hannu ne da ido da horo kaɗan suka gano cuta kafin ta kwantar da mai ita. Amma aikin ya tsaya ne a kan ikon hukuma. Mutane sun fito domin an ce su fito, kuma da aka daina tilastawa ba a bar musu al'adar kai kansu ba. Haka aka yi da lambar agana, wadda aka daɗe ana ɓoye yara saboda ita, kafin babban gangamin da ya kawar da cutar daga Nijeriya a 1970.

4.3 Awon Ciki

Mataki na uku ya bambanta da na baya. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da asibitin koyarwarta a ƙarshen shekarun 1960, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitocin Zariya tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne mace-macen sun taru ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda aka kawo bayan naƙuda ta gagara a gida. Bayan taron Alma-Ata na 1978, da kuma zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, an mai da hankali ga ƙananan asibitocin karkara da horar da ma'aikatan lafiya na al'umma. Kwalejin horar da ma'aikatan lafiya da aka kafa a Maƙarfi, wadda aka sa wa sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris, ta yaye irin waɗannan ma'aikata, cikinsu har da 'ya'yan yankin mata.

A yau kalmar awo ta zauna daram a bakin Bahaushe. Har yanzu mata da yawa a karkara suna haihuwa a gida, amma ba wanda zai yi mamaki don ya ji mace lafiyayya ta ce za ta awo. Babu ɗan doka da ya kora ta. Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne mace ce ke duba ta, wurin yana kusa, an san ranar, ana tafiya ayari da maƙwabta, miji ya fahimci amfanin, kuma ana komawa gida da wani abu a hannu, ko magani ko gidan sauro. A ganinmu wannan shi ne babban misalin duba mai lafiya da ya karɓu a ƙasar Hausa bisa son rai.

4.4 Shan Inna

Mataki na huɗu darasi ne a kan amana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin magunguna na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara a Kano, wasu suka rasu, wasu suka naƙasa, maganar ta kai kotu. Da aka zo 2003, jita-jitar cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa ta sami gindin zama, har aka dakatar da rigakafin a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna, musamman bayan kafa kwamitinsu na kiwon lafiya a 2009, da malamai, da kuma mata 'yan unguwa masu shiga gida gida. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Duk wani shiri da ya shafi jikin mace da haihuwarta da shayarwarta zai taka wannan tabo, ko ya sani ko bai sani ba.

5.0 Halin da Ake Ciki

Rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya sun daɗe suna nuna abu biyu: mafi yawan mata suna isa ne cutar tana mataki na uku ko na huɗu, kuma da yawansu shekarunsu arba'in da wani abu ne, watau iyayen yara ƙanana. Wani bincike da aka yi a ƙasashe biyar na Afirka, aka buga a 2020, ya sami cewa a cikin matan Nijeriya da aka bi, kashi 36 cikin 100 ne kawai ke raye bayan shekara uku, alhali a cikin fararen matan Namibiya adadin ya kai kashi 90. Jinkiri da rashin kammala magani suna cikin manyan dalilan wannan rata.

Mu ɗauki matar Gubuchi da ta ji ƙullutu. Sai ta fara shawo kan kunyarta ta faɗa wa wata. Sai miji ya ba da izini da kuɗin mota, a gidan da kuɗi ke shigowa lokacin kaka ko lokacin saran rake. Daga asibitin mazaɓa a tura ta babban asibitin Maƙarfi, daga can zuwa Shika, inda asibitin koyarwa ya koma a 2005, don a ɗauki hoto a kuma ɗebi ɗan tsoka a auna. Kowane zango yana cin kuɗi da kwanaki, kuma a kowane zango akwai mai ba ta shawarar ta koma ga sassaƙe. Ga kuma tsoron da ba a cika faɗa ba, cewa in aka cire nono za a yi mata kishiya ko a sake ta.

Kimiyya ta ba mu abin dogara da ya dace da ƙarfinmu. Na'urar hoton nono tana da tsada, tana manyan birane, kuma ba ta gani sosai a nonon mata masu ƙananan shekaru. Gwajin da aka yi a Shanghai ta ƙasar Sin, aka buga a 2002, ya nuna cewa koya wa mata laluben kansu kaɗai bai rage mace-mace ba. Amma gwajin Mumbai ta Indiya, wanda ya bi mata fiye da 150,000 har shekara 20, aka buga a 2021, ya nuna cewa idan mata ma'aikatan lafiya da aka horar suka riƙa duba nono da hannu duk bayan shekara biyu, ana gano cutar da wuri, kuma mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakanin matan da suka kai shekara 50. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sa ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu.

6.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, a ɗora duban nono a kan awo. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma an tsara kowace ta sami asibitin matakin farko. A horar da mata ma'aikatan waɗannan asibitoci su duba nono ranar awo da ranar rigakafin yara, a kuma keɓe rana ga matan da suka daina haihuwa, domin su ne suka fi shiga haɗari kuma su ne ba su da dalilin zuwa asibiti.

Na biyu, saƙo ya bi ta bakin mata. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta isar da ilimi ƙauyuka ta hannun jajis da 'yan taru. Magadan wannan tsari suna nan: malaman Islamiyyar matan aure, ƙungiyoyi irin su FOMWAN da aka kafa a 1985, da ungozomomi. Su ne za su koyar da alamun da ba a jinkiri a kansu, watau ƙullutu a nono ko hammata, kan nono ya shige ciki, jini ya fito daga gare shi, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo. Su kuma bayyana cewa mafi yawan ƙullutu ba daji ba ne, amma gwaji ne kaɗai ke rarrabewa.

Na uku, a yi magana da maza a masallaci da kasuwa da fadar dagaci, tun da izini da kuɗi a hannunsu suke. Malamai su tunatar cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma tsayawa da mace a lokacin jinya yana cikin haƙƙin aure.

Na huɗu, kada a duba mace sai an shirya inda za a kai ta. Gangamin kwana ɗaya da ke gano ƙullutu ya watse ya bar mace da fargaba yana kashe amana. Asusun tallafa wa masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya, wanda ya fara aiki a 2021, ya sa asibitin Shika cikin asibitoci shida na farko. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta sami ma'aikaciyar da za ta bi mace daga ranar da aka tura ta har ta sami sakamako, ta kuma taimake ta neman wannan tallafi.

Na biyar, a jawo wanzamai da masu maganin gargajiya a jiki, a roƙe su abu ɗaya: kada su tsaga kumburin nono, su tura mai shi asibiti.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa duba jikin mai lafiya ya shigo wannan yanki ta hanyoyi daban-daban. Na ciwon barci ya zo da ikon hukuma, ya yi aikinsa, ya tafi bai bar al'ada ba. Na shan inna ya tsaya cik da amana ta karye, bai motsa ba sai da sarakuna da malamai da mata suka sa hannu. Awon ciki kuwa ya zauna domin mace ce ke duba mace, kusa da gida, da yardar miji. Imanin cewa daji ba ya son ƙarfe ba zai gushe da lacca ba. Zai gushe ne ranar da matan Gubuchi da Hunƙuyi da Ikara suka ga maƙwabciyarsu da aka gano nata da wuri, aka yi mata aiki, ta dawo ta aurar da 'ya'yanta. Muna kira ga abokan aikinmu na sassan tarihi da harsuna da likitanci su haɗa hannu wajen tattara kalmomin da matan yankin ke kiran cututtukan nono da su, domin ma'aikaciyar lafiya ta yi musu magana da harshen da suka sani.